Ci da ɗaga ƙarfe: abin da nake rubutawa tun Janairu

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Nauyi kilo 58, tsawo mita 1.78, shekara 26, ƙugu inci 28.

Akwai lissafin da ma'aikatan lafiya ke yi, a raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Nawa ya ba da 18.3, kuma a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya duk wanda ya gaza 18.5 ramamme ne. Burina kilo 65 kafin shekara ta ƙare, kuma tsoka nake nema, ba tumbi ba.

Ɗaga ƙarfe Litinin, Laraba da Asabar bayan sallar Asuba, a wani kango da ke bayan layinmu a unguwar Mabera, cikin Sakkwato. Kayan namu ba na kanti ba ne. Bututun ƙarfe ne aka dasa cikin gwangwanayen fenti cike da siminti, sai tsofaffin ƙarafan birkin mota da mai walda ya haɗa mana. Mun kai su wurin mai sikeli an auna, aka rubuta nauyin kowanne da jan fenti.

Abinci kuwa abu biyu ake so daga gare shi. Na farko ya ɗan zarce abin da jiki ke ƙonewa kullum, da kamar kalori 300 zuwa 500, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Na biyu furotin, sinadarin gina jiki, wajen giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin mutum. Ni ke nan giram 93, na mayar da shi 100 don sauƙin lissafi. Ƙwai ɗaya na ba da giram 6, kofin dafaffen wake 13, rabin litar nono wajen 16, giram 100 na dafaffen nama marar kitse wajen 26. Koko da ƙosai da safe, fura da rana, tuwo da miyar kuka da dare, abin da na tashi a kai ke nan, kuma da ƙyar yake kai ni rabin abin da nake nema.

Lissafin bai ba ni wahala ba. Inda gizo ke saƙa shi ne a gidanmu nake zaune, mu tara ke cin tukunya ɗaya, kuma inda Inna ke rabon tuwo babu mai ƙara loma ba a gani ba.

Juma'a, 24 ga Janairu

Ban taɓa tukunyar gida ba. Kiret ɗin ƙwai na saya na ajiye a ɗaki, kowace safiya in dafa huɗu, da rana a shago in aiki yaro ya sayo mini awara ko shinkafa da wake.

Inna ta zuba mini ido ba ta ce komai ba, sai yau da na fito da ɓawon ƙwai zan zubar.

"Wai kai lahiya kake? Wanga ci naka ba na lahiya ba na. Ka ci, ka sha ruwa, ka tashi hitsari tsakad dare, jikin kuwa shina nan yadda yake. Haka Gwaggonka ta hwara."

Gwaggo ciwon suga gare ta. Kuma maganar Inna ba ta jahilci ba ce: yawan yunwa, yawan ƙishirwa, yawan fitsari da rama, su ne alamomin da likita ma zai fara tambaya. Bambancin kawai ni da gangan nake ci, ruwan ma da gangan nake sha. Amma uwa ba ta ganin niyya, abin da ke shiga baki take gani. Na fara yi mata bayanin furotin, na ga idonta yana kan tukunya. Sai na ce gobe ko jibi zan je a gwada jinina. Ta ce, "Yauwa, yanzu kay yi magana."

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kilo 58.7. An gwada sugana da safe ban ci komai ba, ya ba da 4.9, kuma ƙasa da 5.6 lafiya lau ne. Ƙanena ya karanta wa Inna takardar, ta ninke ta ta saka ƙarƙashin kwallarta. Zarginta na biyu tsutsar ciki, shi ma na biya masa: ƙwaya ɗaya ta albendazole, miligiram 400, na tauna a gabanta.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Kilo 59.3.

A majalisarmu ta teburin mai shayi sunana ya tashi daga Dogo ya koma Shago. Da na ce a soya mini ƙwai uku sai wani ya miƙe ya fara yi mini kirarin 'yan dambe, har mai shayin ya ajiye cokali yana dariya. Wannan ba ya damuna. Wanda ba a tsokana a majalisa ai baƙo ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shawarar wani abokinmu ce, ɗan kabu-kabu, da zuciya ɗaya ya kawo ta. Ya ja ni gefe ya ce me zai sa in wahalar da kaina da gwangwanin siminti, alhali akwai sha-ka-fashe a kowane kemis, mako biyu kumatu sun fito. Ya ce ƙanwar matarsa da ita ta cika kafin biki. Ƙwayoyin da ake kira da wannan suna yawanci iri biyu ne. Akwai cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne asalinsa, yana buɗe ciki yana kuma kawo kasala da barci. Akwai dexamethasone, wanda shi ne mai hatsarin gaske: yana tara ruwa a jiki, fuska ta kumbura, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni. Abin takaicin, tsokar hannu da ƙafa zaizaye ta yake yi. Wato wanda ya sha shi don ya yi ƙwanji ya sayi kishiyar abin da ya je nema. Kuma in an daɗe a kansa ba a yanke shi rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage shi a hankali.

Wani kuma ya ce shi dai ya san duk masu manyan damatsan nan allura suke yi. Wasu na yi, gaskiya ne. Allurar tana gina tsoka, sannan ta sa jiki ya daina samar da nasa sinadarin mazantaka, maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, zuciya da hanta su ɗauki nauyi. Da na kai kan maganar haihuwa majalisa ta yi tsit, ba wanda ya sake kawo zancen.

Na lura da wani abu. In na ce giram kaza da kalori kaza, sai a ce boko ya motsa. In na ce na gaji da riga tana rataye a jikina, sai kowa ya gyaɗa kai. Tun daga nan wannan amsar nake bayarwa a waje, lissafin na bar wa littafin nan.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kilo 59.9.

Kawu ya zo gaisuwar gabanin azumi. Malami ne, yana da almajirai, kuma dangin Inna Fulani ne, a wurinsu a gan ka kana ci da zumuɗi abin kunya ne tun kafin a zo maganar addini. Na durƙusa na gaishe shi, bai bari na tashi ba.

"An ce mini ka koma bawan cikinka."

Sai ya jawo hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adi Kariba da Tirmizi ya ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi da ya fi cikinsa sharri ba, 'yan lomomin da za su miƙar masa da baya sun ishe shi, in kuwa ya zama dole to kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

Hadisin da ke cewa mumini mai ƙarfi ya fi alheri kuma ya fi soyuwa ga Allah a kan mai rauni yana bakin harshena. Na haɗiye shi. Yaro ba ya jifan kawunsa da hadisi a gaban uwarsa, kuma na san abin da zai ce, cewa malamai sun fassara ƙarfin da ƙarfin imani tun kafin na damtse. Da na buɗe wannan ƙofar da mun kai Magariba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, in an yarda in kawo abin da zan ci yanzu a gani."

Na ɗauko kwanon la'asar ɗina: awara yanka shida, ƙuli-ƙuli, kofin kindirmo. Na ce masa sau biyar nake ci a yini, kuma babu zaman da nake tashi ciki ya ɗaure. Gaskiya ce kuwa, don siririn mutum irina cikinsa ba ya ɗaukar tulin abinci lokaci guda, dole sai an rarraba, kuma furotin ɗin ma ya fi amfani in an raba shi cikin yini da a jibge shi da dare. Malmalar tuwon da Yaya ke tashi da ita bayan Isha'i ta ninka abin da ke kwanon nan, ba a taɓa karanta masa hadisi ba, don shi sau ɗaya ake ganinsa, ni kuwa duk sanda aka waiga ina tauna.

Kawu ya daɗe yana kallon kwanon. Ya ɗauki ƙuli-ƙuli ɗaya ya karya.

"To niyya hwa? In don 'yan mata su gani kake yi, wahala ta banza. In don ka ɗauke ma ubanka buhu na, Allah shi yi albarka."

Na ce amin. Ban ce masa rabi da rabi ba ne.

Asabar, 15 ga Maris, 15 ga Ramadan

Kilo 58.9. An fara azumi ranar 1 ga wata, zafi kuma ya fara shigowa.

Kilo gudan da ya tafi bai tayar mini da hankali ba. Tsoka na ajiye sitaci a cikinta, kowane giram ɗinsa kuma yana riƙe da wajen giram 3 na ruwa, don haka mai azumi yakan sauka a sikeli tun makon farko ba tare da naman jikinsa ya tafi ba. Burin watan nan riƙe abin da ke hannu. Na rage ɗaga ƙarfe zuwa sau biyu a mako, bayan tarawihi, nauyin yana nan yadda yake amma ban daɗewa.

Buɗa-baki dabino, ruwa, kunu da ƙosai. Bayan Magariba abincin gida. Bayan ƙarfe ƙwai da madara. Sahur fura da kindirmo da ragowar wake.

Watan nan babu mai tambayata dalilin ci. Kowa hannu baka hannu ƙwarya.

Laraba, 2 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadi. Kilo 58.6. An koma safiya uku a mako.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kilo 59.5. Wata mafi wuya zuwa yanzu, ta fuska biyu.

Zafin Sakkwato na Afrilu ya wuce digiri 40 kusan kullum, kuma zafi na kashe sha'awar abinci. Tuwo ya zama aiki. Barci ma ya lalace, a tsakar gida muke kwana, ga sauro, alhali tsoka a lokacin hutu take ginuwa, ana son awa bakwai zuwa tara. Abin da ya cece ni sha ne maimakon ci. Ina dama fura da kindirmo, ba tsala ba, don tsala an riga an kaɗe man, kindirmo kuwa da mansa kuma an tafasa madarar kafin a ɗaura ta. In zuba markaɗaɗɗiyar gyaɗa da dabino a ciki. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550, da furotin wajen giram 25. Cokalin man gyaɗa ɗaya a kan shinkafa kalori 120 ne, kuma ciki ba ya jin an ƙara komai. Gyaɗar dai a tsince ta, duk wadda ta yi funfuna ko ɗaci a zubar, gubar da ke cikinta hanta take ci.

Ta biyun ita ce Yaya. Shi ke ɗauke da mafi yawan cefanen gida tun da ƙarfin Baba ya ja baya. Wani dare ya same ni a zaure ya ce, ba da faɗa ba, "Ka lissafa abin da kake kashewa a ƙwai a wata? Kuɗin makarantar Auta ne fa."

Duk cikin masu magana shi ne ban da amsar ba shi. Na Inna tsoro ne, an kashe shi da takarda. Na Kawu an zauna an fahimci juna. Na Yaya kuɗi ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 babu gidan da bai ji a jikinsa ba. A 2024 hauhawar farashin abinci ta kai wajen kashi 40 cikin 100 a alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A irin wannan lokaci, saurayi ya shige ɗaki da ƙwai huɗu, Auta tana tsaye bakin ƙofa tana jin ƙamshi, ko da guminsa ya saya akwai abin dubawa. Da can akan ce kada a ba yaro ƙwai zai koyi sata. Ni dai ina ganin tsadar ƙwan ce ta haifi camfin, kuma yarinya 'yar shekara takwas da ke girma ta fi ni buƙatarsa.

Ga yadda muka shirya. Ƙwai ya koma biyu, Auta na da ɗaya a ranakun makaranta. Kowane mako ina kawo tiyar wake in miƙa wa Inna, ta shiga tukunyar kowa, ta fito a ɗanwake, alale ko garau-garau. Hatsi da wake ma cike giɓin juna suke yi, abin da furotin ɗin gero da shinkafa ya gaza a kai wake na da shi. Na sayo waken suya, ƙanwata ta koyi yin awara a gida, ana ci ana sayar da ragowa a ƙofar gida. Ɗanyen waken suya giram 100 na ɗauke da furotin wajen giram 36, babu abin da ya kai shi arha a kasuwa. Sai fara soyayya da yaji in an samu, wadda fiye da rabin nauyinta in ta bushe furotin ne, da kifin Kwalkwalawa ranar da aljihu ya yi nauyi.

Tun da waken ya fara shiga tukunya, in na miƙa kwano a ƙara mini, Inna ƙarawa take yi ba ta ɗago kai ba. Watanni ina bayani da baki ban samu haka ba.

Lahadi, 18 ga Mayu

Kilo 60.6.

Na kai ɗinkin Babbar Sallah. Telanmu yana da wani tsohon littafi da ya sha maiƙo, kowa da shafinsa. Ya buɗe nawa zai kwafi awon bara, na ce ya sake aunawa. Ya zagaya tef a ƙirjina, ya duba littafi, ya sake zagayawa. Ƙirji ya ƙaru da inci ɗaya da rabi, hannu da kusan inci guda, ƙugu da rabin inci kawai. Ya soke tsofaffin lambobin da biro ya ce, "Ashe da gaske kake." Awon ƙugun shi na fi dubawa. Muddin bai kai rabin tsawon mutum ba ana cikin iyaka, ni rabin tsawona inci 35 ne, akwai sauran fili. In ƙugu ya fara gudu ya bar ƙirji a baya, abincin ya yi yawa ke nan, sai a rage. Mai farawa in ya dace yakan samu rabin kilo zuwa kilo guda na tsoka a wata, abin da ya haura haka yawanci kitse ne da ruwa.

Baba tun Janairu bai ce uffan ba. Shi mutumin dabbobi ne, kowace shekara yakan sayo raguna a Kara ko Illela ya turke su don Layya. Jiya ina taya shi zuba musu dusa da harawa, sai ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Abin da kake yi na gane shi. Ragon turke da san huɗa duk ci sukai. Wanga shina ɗaure, abin da yac ci kitse shika zama. Wancan shina jan garma, nashi nama shika zama. Kai dai kak ka bar garma."

Sai ya miƙo hannu ya damƙi bayana daidai gadon baya, ya matsa da yatsu yadda yake yi wa rago a kasuwa kafin ya taya, ya sake damƙar kafaɗata.

"Nama na," ya ce, ya koma kan dusarsa.

Litinin, 9 ga Yuni

Kilo 61.4. An yi Layya ranar Juma'a. Wannan makon ban lissafa furotin ba, babu buƙata. Inna ta ware mini soyayyen nama marar kitse a wata roba daban, ta ce in ɓoye kada yara su gani, ta kuma gaya wa Gwaggo a gabana cewa ita ta san tun farko ba ciwo ba ne. Gwaggo ta ce ita fassararta ɗaya, aure nake shiri, a faɗi yarinyar kawai.

Saura kilo 3.6. Damina na shigowa, Asabar za ta koma ta gona, don haka ƙarfe zai koma Litinin da Alhamis, kuma ranar noma sai na ƙara ci, in ba haka ba fartanya ta cinye ribar. Yaya har yanzu bai ce ya yarda ba, ya dai daina lissafi da ƙarfi, kuma awarar gida ba ta wuce shi.

Sabuwar magana ita ce ƙanena, shekararsa 17, ya ce shi ma zai fara. Inna ta ce ba a gidanta za a yi maciya biyu ba. Na ce masa ya gama jarrabawar NECO tukuna, ya fara da nauyin jikinsa kafin ya taɓa siminti, sannan sharaɗin gidan nan ɗaya ne, duk mai son ƙari ya kawo tiyarsa ta wake. Ya ce ai ba shi da sana'a, amma zai yi wa Yaya magana ko zai ɗauki nauyinsa. Na ce Allah ya ba da sa'a.